Jikokin Fatake Masu Tsoron Jirgin Dare

Duk shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, akwai wata magana da ke zagaya gidajen Briqueterie kamar mai tallan koko, tana shiga zaure tana fita, tana kashe wa yara gwiwa: "Ya yi nisa." Yaro ya ce Ngaundere, a ce ya yi nisa. Yarinya ta ce Garwa, a ce ya yi nisa. Wani ya ci konkur ɗin Dschang bayan ya shafe watanni yana kwana a kan takarda, a taya shi murna da baki, a raba alewa, da daddare kuma a kira shi ɗaki a ce ya nemi wani abin a nan Ngoa-Ekelle, wai ai duk karatu karatu ne. Daga nan magana ta ƙare, domin a gidajenmu in uba ya ce ya yi nisa, ba mai tambayarsa nisa da ina, balle nisa da me.

To ni yau zan tambaya. Haifaffen unguwar nan ne ni, a lungunanta na yi wasan ƙasa, a makarantar allonta na sha bulala, don haka ba baƙo ne ya zo zai koya mana tarbiyya ba. Ina neman afuwar iyayena tun kafin in fara, don abin da zan faɗa ba shi da daɗin ji. Nisa ba hujja ba ce. Kuma a duk faɗin Kamaru babu mutanen da wannan kalma ta fi yi wa muni a baki kamar mu.

Mu tuna yadda muka zo nan. Babu Bahaushen da ya tsiro daga ƙasar Yawunde kamar rogo. Kakanninmu daga Kano suka taso, da Katsina, da Zazzau, da Sakkwato, a ƙasa, da kaya a ka. Suka biyo ta Yola, suka hau Banyo da Tibati, suka gangaro Yoko, suka ƙetare kogin Sanaga a kwalekwale, suka shigo kurmin da ba su san harshensa ba, ba su san cimarsa ba. Sun zo da tufafi da kanwa da tsakiya, suna neman hauren giwa da goro. Tafiya ce ta watanni. Wanda ya bar mahaifiyarsa a Katsina bai san ranar da zai sake jin muryarta ba, da yawa ma ba su sake ji ba. Wannan unguwa da ta samo sunanta daga wurin toya bulo na zamanin Turawa, waɗannan mutane ne suka mai da ita garin Musulmi a tsakiyar babban birni, da masallatanta da telolinta da masu tsirenta. Da a ce iyayensu sun ce musu ya yi nisa, sun kuma ji, da babu Briqueterie. Yanzu jikan wanda ya tako daga Kano zuwa Yawunde shi ne ke zare ido don ɗansa zai kwana ɗaya a cikin jirgin ƙasa.

Ba fatauci kaɗai ya fitar da magabatanmu daga gida ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas. Modibbo Adama, wanda yankin Adamawa ke amsa sunansa har gobe, ya bar gida ya je Borno neman ilimi tun kafin ya je ya karɓo tuta. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Alhazanmu na dā ta Cadi da Sudan suke bi a ƙasa, wasu su shekara biyar ba su dawo ba. Duk wanda ya ce zaman gida shi ne gadonmu, to bai san gadon ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu ma ba mu yarda da wannan hujja ba. Muna ɗauko ta ne kawai ranar da muka ga dama. Yaro ɗan shekara goma a ɗora shi a mota a kai shi Marwa ko Maiduguri ko Zariya karatun allo, ba katifa, ba kuɗin magani, sai addu'a da ƙwaryar bara, ba wanda ya ce ya yi nisa. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai a ɗaura mata aure a kai ta Libreville ko Bangui ko Kye-Ossi, gidan mutanen da ba ta taɓa gani ba, mata su yi guɗa, a ce ta yi goshi. Saurayi a cika masa jaka da kuɗi a tura shi Kwatano ko Dubai ko Guangzhou sarin kaya, uba yana alfahari a majalisa. Haka muka riƙa tura yara Khartum karatun addini da na likita cikin farin ciki, har ranar da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka riƙa kwaso ɗaliban ƙasashenmu a motoci ta cikin hamada. Ban ce laifi ne a tura yaro Sudan ko Masar ko Madina ba, Allah ya ƙara masu zuwa. Abin da nake nunawa shi ne, in zuciyarmu ta yarda da darajar abin da za a je nema, hanya gajeruwa take zama. Khartum ba ta yi mana nisa ba, Guangzhou ba ta yi mana nisa ba, Ngaundere ce ta yi nisa. Ashe ba da kilomita muke awo ba. Muna auna darajar da muka ba karatun jami'a ne, kuma ma'aunin ya nuna ba ta da yawa.

Wani zai ce, ai ga jami'a nan a ƙofar gida, me ya kai yaro daji? Wannan magana ta wanda bai duba yadda aka raba karatu a ƙasar nan ba ce. Daga 1962 zuwa 1993 jami'ar gwamnati ɗaya ce tak a Kamaru, ta Yawunde. A 1993 aka sake tsari suka zama shida: Yawunde ta ɗaya a Ngoa-Ekelle, Yawunde ta biyu a Soa, sai Duwala, Dschang, Buea da Ngaundere. Marwa ta biyo baya a 2008, Bamenda a 2010, a farkon 2022 kuma aka ƙara Bertoua, Ebolowa da Garwa. Goma sha ɗaya ke nan na gwamnati. Amma ba tagwaye ba ne, kowacce da abin da ta shahara da shi. Mai son aikin gona na zamani, tsangayar FASA a Dschang take. Mai son sarrafa abinci da masana'antu, ENSAI a Ngaundere take. Makarantar likitan dabbobi ta gwamnati ma a Ngaundere take. Ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai yana Meiganga, na ma'adinai da man fetur yana Kaele. Karatun likita kuwa jarrabawar ƙasa guda ake yi, guraben a warwatse suke tsakanin Yawunde, Duwala, Buea, Bamenda, Dschang, Garwa da sauransu, kuma ba kowa ne Allah ke ba na Yawunde ba.

Saboda haka in ka ce wa yaron da ya ci konkur ɗin likitan dabbobi ya zauna a Ngoa-Ekelle, ba gari ka sauya masa ba, rayuwa ka sauya masa. Ka ɗauke shi daga aji mai ƙididdigaggun ɗalibai da sana'a a ƙarshensa, ka jefa shi cikin Amfi 700 inda wanda bai yi sammako ba a tsaye zai ɗauki darasi, ya karanci fannin da bai taɓa so ba. Bayan shekara uku ko biyar ya fito da lisans, ko ma bai fito da ita ba, ya dawo ya tsaya a shagonka na kasuwar Mokolo, kai kuma ka shiga majalisa kana cewa boko ba shi da amfani. Kai ka karya ƙafar, kai ne kuma ke yi wa gurgun dariya. In ya ce bari ya jira baɗi ya sake gwada wani konkur na kusa, ka sani yawancinsu suna da iyakar shekaru, kowace shekarar jira ƙofa ce ke rufewa.

Dubi abin kunyar da ke cikin wannan. Unguwarmu da nama aka san ta. Duk Yawunde nan take zuwa cin soya da dare. Shanun da ake yankawa a mayankar Etoudi daga Adamawa da arewa suke gangarowa, a jirgi da manyan motoci. Saniya tana yin wannan tafiya, ɗan mahauci ba zai yi ta ba don ya zama likitan da zai duba lafiyar saniyar. Shekara da shekaru muna harkar dabbobi, amma mai sa hannu a takardar lafiyarsu ɗan wasu ne, mu namu wuƙa da tire. Haka abin yake a asibiti, a kotu, a ofishin haraji, a ofishin filaye. Muna shiga muna murza hula muna neman wanda ya san wani.

Waɗannan 'ya'yan wasu kuwa, ta ina suka bi? Ta ƙofar gidanmu. Lokacin da jami'a ɗaya ce a ƙasar nan, yaran Kusseri da Mora da Yagoua tafiyar sama da kilomita dubu suke yi su zo Yawunde, ba waya, ba kwalta mai kyau. Da yawansu a unguwar nan suka samu tuwon dare da sahun salla. Mu muka yi musu masauki, muka ga sun gama, muka ga sun zama manya. Iyayensu manoma ne da makiyaya, ba su fi mu kuɗi ba, ba su fi mu ƙaunar 'ya'yansu ba. Sun dai haɗiye kewa, mu mun kasa.

Ban ce tsoron iyaye ba shi da tushe ba. Yana da shi, kuma ya kamata a ɗauke shi ɗaya bayan ɗaya a duba, maimakon a dunƙule shi cikin kalma guda.

Na farko kuɗi. Gaskiya ne ɗalibin da ke kwana a gida ya fi sauƙi. Na nesa sai an kama masa ɗaki, an sayi katifa da risho da tukunya, an riƙa aika na cefane kowane wata. Uban da ya zauna da ɗansa ya ce, "Ga abin da nake samu, ga bakunan da nake ciyarwa, ba zan iya ba," wannan ya faɗi gaskiya, ba ni da ta cewa a kansa sai addu'ar Allah ya buɗa. Amma shi ma sunan matsalarsa rashi, kuma rashi ana iya kai kukansa wurin dangi. Wanda nake magana da shi shi ne Alhajin da bai taɓa ɗaukar biro ya yi lissafin ba. Kuɗin rajista a tsangayoyin jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara tun 1993, a Yawunde haka, a Ngaundere haka. Bai kai kuɗin babbar riga ɗaya ta shadda mai aiki ba, irin wadda telolin unguwar nan ke kwana ɗinkawa kafin Salla. Ɗaki a Dang, ƙauyen da jami'ar Ngaundere take, bai kai tsadar ɗaki a Yawunde ba. Shi kuma ɗalibin Soa da ake cewa yana gida, a lissafa kuɗin motarsa na zuwa da dawowa kullum, da sa'o'in da yake ɓatawa a layi da cunkoso, a ga ko arhar ta kai yadda ake zato. Gidan da ya iya haɗa akwatunan lefe goma sha biyu, ya kama zauren biki, ya ɗauko mai hoto da maroƙa, bai kamata ya ce ɗakin ɗalibi ya gagare shi ba.

Na biyu hanya. Nan ma ba zan yi wa kowa ƙarya ba, hanyoyinmu suna cin rai. Ba mu manta da Eseka ba, ranar 21 ga Oktoban 2016, da jirgin Yawunde zuwa Duwala ya kauce daga kan dogo, hukuma ta ƙirga gawa 79. Ba mu manta da gangaren Dschang ba, a watan Janairun 2021, inda motar fasinja ta yi karo da mai ɗauke da fetur, mutum 53 suka ƙone. Uwar da gabanta ke faɗuwa in an ambaci tafiya ba ta yi hauka ba. Sai dai waɗannan hanyoyi su ne muke bi zuwa ɗaurin aure a Garwa, da ta'aziyya a Tibati, da sarin kaya a Duwala, wani ma sau biyu a wata. Ɗalibi in an tsara masa, sau biyu ko uku zai bi hanyar a shekara. Jirgin Camrail yana tashi daga tashar Yawunde da almuru, ya kwana yana tafiya ta Nanga-Eboko da Belabo da Ngaundal, ya shiga Ngaundere da safe in bai makara ba. Tun 1974 dogon ya isa can. Akwai taragon kwana mai gadaje ga wanda ya iya biya. Wanda zai wuce Garwa ko Marwa ya sauka ya huta, ya hau motar kamfani sananne da rana, kada ya bi ta dare don ragin 'yan kuɗi kaɗan. Wannan shi ne maganin tsoron hanya: a rage yawan tafiyar, a zaɓi abin hawa, a zaɓi lokaci, a yi addu'a. Benskin ɗin da yaro ke hawa kullum a cikin Yawunde ba hular kwano, shi ba a lissafa shi cikin hatsari, don a gaban idonmu yake.

Akwai kuma bambanci tsakanin nisa da rashin tsaro, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne ke ɓata shawara. Daga Yawunde zuwa Bamenda bai kai kilomita 400 ba, zuwa Ngaundere a jirgi ya haura 600. Amma tun da rikicin yankunan masu Ingilishi ya tashi a ƙarshen 2016, da zaman gida na dole ranar Litinin da satar ɗalibai da malamai, uban da ya yi ɗari-ɗari da Bambili, inda jami'ar Bamenda take, yana da hujjar da za a saurara. Haka wanda ya tuna hare-haren Marwa na watan Yulin 2015 ya ce sai ya bincika halin da ake ciki yanzu kafin ya saki ɗansa. Wannan bincike ne, kuma bincike yana da amsa: a tambayi mazauna garin, a tambayi ɗaliban da ke can. Na kusa na iya zama mai hatsari, na nesa ya zama lafiya lau. Ka ga ashe kilomita ba ta gaya maka komai ba.

Na uku tarbiyya, kuma nan ne ake fi ɗaga murya. Wai in yaro ya yi nisa zai bar salla, ya koyi shaye-shaye, ya bi 'yan iska. Ina tambaya cikin ladabi: Baba, Bonamoussadi a ina take? Unguwar ɗalibai ce a nan Yawunde, taksi ɗaya ce daga ƙofar gidanka. Duk abin da kake tsoro a Dang akwai shi a can, har da ƙari. Kai, ba sai an je Bonas ba. Ƙwayar tramol da ta lalata mana samari, a jami'ar nesa suka koyo ta? A lungunan nan suka same ta, tsakanin kiran salla da kiran salla, suna kwana a ɗakin da ke jikin na iyayensu. Wayar da ke aljihun yaro ta riga ta kai shi inda jirgi ba zai kai shi ba. In shekara goma sha takwas na tarbiyyarka ba za su iya jure wata tara a Ngaundere ba, garin Lamiɗo, garin da kiran salla ke tashin mutum da asuba, to matsalar ba a Ngaundere take ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka tanƙwara da kyau, nisa ƙara masa hankali yake yi: ya koyi dafa abincinsa, ya wanke kayansa, ya raba kuɗin wata su kai shi ƙarshe, ya tashi salla ba don tsoron tsawar kowa ba. Wanda aka tsare a gida har shekara talatin kuwa, ranar da uban ya kwanta dama za a ga ɗanyen aikin da aka yi.

Na huɗu, 'ya mace. Nan ne kalmar nisa ta fi yin ɓarna, don namiji in ya dage wani lokaci akan ƙyale shi, mace kuwa sai dai ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Na san yarinyar da ta fi duk sa'o'inta maki a lissafi da kimiyya, ta samu gurbi a arewa, aka ce ya yi nisa. Shekara ba ta zagayo ba aka kai ta aure garin da ya fi wancan nisa. Mahaifinta mutumin kirki ne, mai salla a sahun farko, kuma shi ne ke yin faɗa a asibiti duk ranar da aka ce likita namiji ne zai duba iyalinsa. Daga sama likita mace za ta faɗo mana? Muna son ta, amma muna son 'yar wani ce za ta yi tafiyar, 'yar wani ce za ta kwana a ɗakin haya, 'yar wani ce za ta sha wahalar shekara bakwai. Wannan son banza ne, kuma ba ya kama da adalci.

Za a kawo maganar muharrami. Ni ba mai fatawa ba ne, wannan fagen malamai ne kuma ina girmama shi. Amma in matsalar ita ce kada ta yi tafiya ita kaɗai, maganinta tikiti biyu ne. Uba ko wa ko kawu ya raka ta, ya ga ɗakinta da idonsa, ya ga ƙofar da makullin, ya san abokiyar zamanta, ya damƙa ta a hannun gidan mutunci, in hutu ya zo a je a ɗauko ta. Wanda zai iya rufe shago kwana uku don bikin ɗan abokinsa zai iya rufe shi kwana uku don 'yarsa. Mu tuna kuma a zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, mata ƙungiya-ƙungiya suke tasowa daga ƙauyuka ƙarƙashin jajinsu su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. An tsara musu tafiyar ne yadda za ta yi kyau, ba a soke ta ba.

In aka cire waɗannan huɗu, me ya rage a ƙarƙashin "ya yi nisa"? Abubuwan da ba a faɗa a fili. Alhaji yana son mai tsare masa shago wanda ba zai biya albashi ba. Hajiya tana son mai taya ta girki da rainon ƙanne. Ana tsoron bakin maƙwabta, kada a ce gidan wane sun saki 'yarsu. Akwai kuma kewa tsantsa, wadda ita kam ba abin kunya ba ce, sai dai ba ta isa a yanka makomar yaro saboda ita ba. Duk wanda dalilinsa ɗaya ne daga cikin waɗannan, ya daure ya kira shi da sunansa. Yaro ya fi iya haƙuri da gaskiya mai ɗaci a kan hujjar da ya san ba ita ba ce.

Ku kuma ƙannena, kada ku ɗauka na ba ku sanda ne ku je ku daki ƙofar iyayenku. Da yawanku ku ne kuke ɓata maganar tun daga farko. Wani ba karatu ne ya kai hankalinsa Duwala ba, so yake ya kuɓuce wa idon gida. Wata don ƙawarta ta tafi ne. Wani fannin da yake so yana nan Ngoa-Ekelle ko Polytechnique ta Melen, amma shi dai a bar shi ya tafi. In abin da kake nema yana kusa kuma ka samu gurbi, zauna, ka ci tuwon gidanku ka gode wa Allah. In kuwa sai an yi tafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka tari mahaifinka da "ni dai Ngaundere nake so" ana saura mako guda a rufe rajista. Tun kafin jarrabawa ka je masa da takarda a rubuce: ga sunan karatun, ga shekarunsa, ga aikin da ake yi da shi, ga dalilin da ya sa babu shi a Yawunde, ga kuɗin rajista, ga na ɗaki, ga na abinci a wata, ga na jirgi zuwa da dawowa, ga wanda zai karɓe ni. Ɗan kasuwa ne, lissafi yake ji. In bakinka ya yi masa ƙanƙanta, ka bi ta wurin kawunka ko gwaggonka ko malamin da yake jin nauyinsa. In an bar ka ka tafi, ka riƙe amana: kira a ranar da aka yi alkawari, sakamakon kowane zango ka turo shi gida kafin a tambaya, kuɗin da aka aiko ta Orange Money ko MoMo ka iya faɗin inda suka shiga. Ka sani ba kanka kaɗai kake ɗauke da shi ba. In ka lalace, an rufe wa ƙannenka goma ƙofa, kuma da sunanka za a riƙa rufe ta.

Abin da zai sauƙaƙa duk wannan muna da shi tun tuni, mun dai bar shi ga fatauci kawai. Bahaushe bai taɓa sauka gari ba mai masauki ba. Zango da fatoma da maigida su ne suka riƙe kasuwancin goro da shanu ɗaruruwan shekaru: ka isa garin da ba ka san kowa ba, a ba ka ɗaki, a ajiye maka dukiya, a tsaya maka in rigima ta taso. Har yau akwai unguwar Hausawa a New Bell ta Duwala, akwai ta a Dschang, Ngaundere da Garwa da Marwa kuwa ba a magana, rabin gidajen unguwar nan suna da dangi ko suruki ko abokin ciniki a can. Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta CAMSU a jami'o'i. Mutumin da ka amince ka tura masa kayan miliyoyi da kiran waya ɗaya, ka kasa ce masa ya riƙa leƙa ɗanka ranar Juma'a? Me zai hana masu unguwa da kwamitocin masallatanmu su buɗe littafi guda, a rubuta kowane ɗalibi da garin da ya tafi da dattijon da zai zama idonsa a can? Me zai hana attajiranmu, masu gasar yawan zuwa Umra, su haɗu su kama gida ɗaya a Dang, ɗaya a Garwa, a sa dattijuwa mai amana, ya zama masaukin 'yan matanmu ɗalibai? Kuɗin kujera biyu ko uku ya isa a fara. Limamanmu kuma, da ke da kunnen iyaye kowace Juma'a, huɗuba ɗaya a watan da sakamako ke fitowa za ta buɗe ƙofofin da rubutu irin nawa ɗari ba zai buɗe ba.

Iyayena, ba cewa na yi duk yaron da ya ambaci gari ku ɗaure masa kaya ba. Cewa na yi ku tambaye shi tambayoyin da suka dace: me za ka karanta, don me sai can, nawa ne, lafiya garin yake, wa zai karɓe ka? In amsoshin ba su gamsar ba, ku hana, ku kuma gaya masa wacce ce ba ta gamsar ba. In sun gamsar, ku sayi tikitin, ku raka shi tasha, ku sa masa albarka da bakinku, uwa ta yi kukanta ta share. Da asuba jirgin zai wuce Ngaundal, da hantsi wayarku za ta yi ƙara ya ce ya sauka lafiya. Kakanku da ya baro Katsina a ƙasa, mahaifiyarsa ba ta samu ko wannan ba, ta kuma bar shi ya tafi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare matafiyanmu, ya ba iyaye ƙarfin zuciyar sakin hannu a lokacin da ya dace.